Ciwon Siga da Kitsen Hanta: Gwajin da Ya Kamata Mai Siga Ya Nema Tun Yana Jin Ƙalau

Idan kana da ciwon siga, ka saba da abubuwan da ake duba maka ranar asibiti: siga, hawan jini, ƙafa, fitsari, wani lokaci har da ido. Hanta ba ta cika shiga wannan jeri ba, alhali tana cikin sassan jikin da ciwon siga ya fi taɓawa. Kitse yakan taru a cikinta shekara da shekaru ba tare da wata alama ba. A wasu mutane kitsen yakan bar tabo, tabon kuma ya kai ga ƙandarewar hanta ko kansa.

Ana iya gane wanda ke cikin wannan haɗari da gwajin jini mai sauƙi, irin wanda ake yi a ɗakin gwaji na babban asibiti. Mai zama a Kunduru ko Gyaza ko Kusada ba sai ya fara da tafiya Katsina ko Kano ba, matakin farko a Kankia ma zai yiwu. Wannan bayani na mai siga ne, namiji ko mace, da kuma 'ya'ya ko mata ko miji da ke raka shi asibiti.

Mene ne kitsen hanta?

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta kimanin kilo ɗaya da rabi a jikin babban mutum. Ita ce rumbun jiki: tana ajiye siga bayan ka ci abinci, ta sake shi a hankali lokacin barci ko azumi. Tana tace guba da magunguna, tana haɗa sinadaran da ke tsayar da zubar jini, tana kuma samar da ruwan ɗaci mai narkar da mai.

Lafiyayyiyar hanta ba ta riƙe kitse sai ɗan kaɗan. Idan kitse ya shiga fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta, likitoci na cewa akwai kitsen hanta. A da ana rubuta cutar da NAFLD, wato kitsen hanta da ba giya ta kawo ba. A watan Yuni na 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sauya sunan zuwa MASLD, domin sunan ya nuna ainihin tushenta: ƙiba, siga, hawan jini da maiƙon jini. Za ka iya ganin ko wanne daga cikin biyun a takardar asibiti.

Cutar hawa-hawa ce:

- Kitse kaɗai. A nan yawancin mutane suke tsayawa, kuma hanta na aikinta daidai.
- Kitse da kumburi. Ƙwayoyin hanta sun fara lalacewa. Ana rubuta shi MASH, a da NASH.
- Tabo. Kamar yadda miki ke barin tabo a fata, haka kumburin da ya daɗe ke barin tabo a hanta. Ana ƙirga shi daga F0, babu tabo, zuwa F4.
- Ƙandarewar hanta, wato F4. Tabo ya mamaye ta, ta yi tauri ta motse. Daga nan ne ruwa ke taruwa a ciki, aman jini ke zuwa, haɗarin kansar hanta kuma ya ƙaru.

Abin da ke nuna makomar mai wannan cuta shi ne yawan tabon, fiye da yawan kitsen. Saboda haka duk binciken da za a bayyana a ƙasa tabo yake nema.

Me ya haɗa siga da hanta?

A ciwon siga nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata. Sai kitsen da ke jibge a tumbi ya riƙa narkewa yana kwarara zuwa hanta. Ita ma hantar tana juya rarar siga da sitaci zuwa kitse, musamman irin sigan da ke cikin lemon kwalba da sauran abin sha mai zaƙi. Hantar da ta cika da kitse kuma takan ci gaba da zuba siga cikin jini ko da jiki ba ya buƙata. Wannan na daga cikin dalilan da sigan safe ke tashi ga wanda bai ci komai ba tun dare. Ke nan siga na ƙara kitsen hanta, kitsen hanta na ƙara siga.

Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin masu siga nau'i na 2 a duniya, kimanin kashi 55 cikin 100, suna da kitsen hanta. Ƙungiyar Ciwon Siga ta Amurka ta ce tsakanin kashi 12 zuwa 20 cikin 100 na masu wannan siga suna da tabon da ya kai a damu da shi. A Najeriya binciken asibitoci ya ba da adadi mabambanta: a Legas an samu ƙasa da kashi 20 na masu siga, a Ile-Ife an samu sama da kashi 60. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon siga a Arewa maso Yamma da kashi 3 cikin 100. A jiha mai yawan jama'a kamar Katsina wannan dubban mutane ne, kuma da yawa ba a taɓa duba hantarsu ba.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani: abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Idan an ga kitse a hantarka, gargaɗi ne a kan jijiyoyin jininka ma.

Me ya sa ba za a jira alama ba?

Hanta tana da haƙuri. Tana iya rasa babban ɓangare na ƙarfinta mutum yana zuwa gona yana zuwa kasuwa. Wasu kan ji kasala ko ɗan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yawanci kuwa ba sa jin komai. Shawara, kumburin ciki da ƙafa, ƙaiƙayin jiki da rama suna bayyana ne bayan aiki ya yi nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tabo na farko-farko yana iya raguwa, hantar da ta gama ƙandarewa kuwa da wuya ta koma yadda take.

Akwai hanyoyi biyu da mutane ke dogaro da su, kuma kowacce na iya yaudara idan ita kaɗai ce.

Ta farko ita ce gwajin sinadaran hanta, ALT da AST. Mutum zai iya samun tabo mai yawa alhali lambobin nan suna cikin iyakar da takardar gwaji ta ce daidai ne. Ban da haka, ɗakunan gwaji da yawa na sa iyakar a 40 ko sama, alhali likitocin hanta na ɗaukar ALT da ta zauna sama da 30 tsawon watanni shida a matsayin abin bincike.

Ta biyu ita ce sikanin na ciki. Sikanin yakan ga kitse ne idan ya yi yawa, kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma ba ya auna tabo na farko. Don haka takardar da ta ce hanta lafiya lau ba ta wanke ka gaba ɗaya ba, wadda ta ce akwai kitse kuma ba ta faɗi ko akwai tabo ba.

Wa ya kamata a gwada?

Ƙa'idojin Ƙungiyar Ciwon Siga ta Amurka, da na likitocin hanta na Amurka na 2023, da na Turai na 2024, idan aka tattara shawarwarinsu, waɗanda ya kamata a duba su ne:

- Duk babban mutum mai siga nau'i na 2, ko da ALT ɗinsa daidai take.
- Wanda aka ce sigansa ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, musamman idan yana da ƙiba, hawan jini ko maiƙon jini.
- Mai siga nau'i na 1 idan yana da ƙiba, ko ALT ta tashi, ko sikanin ya nuna kitse.
- Wanda aka yi wa sikanin saboda wani dalili daban aka ga kitse a hantarsa.

Kada rashin ƙiba ya ruɗe ka. Akwai siraran mutane masu tumbi da ke da kitsen hanta. Ka auna ƙugunka da tef ɗin tela daidai saitin cibiya: sama da santimita 94 ga namiji, ko sama da 80 ga mace, alama ce ta kitsen ciki.

Mataki na farko: lissafin FIB-4

FIB-4 lissafi ne da ake yi da abubuwa huɗu: shekarunka, AST, ALT, da yawan filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini. A takardar gwaji ana rubuta su PLT, kuma suna cikin gwajin ƙirgen jini da ake kira FBC. An fitar da wannan lissafi a 2006, kuma yanzu shi ne matakin farko da aka fi amincewa da shi saboda araha. Dalilin sa filatilet a ciki shi ne, idan hanta ta yi tauri saifa takan kumbura ta riƙe su, sai yawansu ya ragu a jini.

Ga yadda ake yi: a ninka shekaru da AST. Sai a ninka filatilet da tushen ALT, wato lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da ALT. Tushen 36 shi ne 6, na 49 shi ne 7, kuma kalkuletar waya tana da alamar √ don wannan. Daga nan a raba amsar farko da ta biyu. Idan takarda ta rubuta filatilet 210,000, a cire sifili uku a yi aiki da 210.

Ma'anar sakamako:

- Ƙasa da 1.3: da wuya a ce akwai tabo mai nisa. Ka ci gaba da ganin likitanka na siga, a sake lissafin bayan shekara 1 zuwa 2.
- Daga 1.3 zuwa 2.67: tsaka-tsaki. Ana buƙatar gwaji na biyu.
- Sama da 2.67: haɗari babba. A tura ka wurin likitan hanta.

Ga misalai biyu don fahimta. Mace mai shekara 45, AST 24, ALT 36, filatilet 260: 45 sau 24 ya ba da 1,080, 260 sau 6 ya ba da 1,560, sakamako 0.69. Hankali kwance. Namiji mai shekara 58, AST 40, ALT 36, filatilet 130: 2,320 a raba da 780, sakamako 2.97. Ka lura, AST da ALT ɗinsa duk ba su wuce 40 ba. Da an tsaya a kansu da an sallame shi, alhali yana buƙatar ganin likitan hanta.

Shekaru na shafar lissafin. Ga wanda ya kai 65, iyakar farko 2.0 ce maimakon 1.3. Ga wanda bai kai 35 ba lissafin ba abin dogaro ba ne sosai, kuma ba a amfani da shi ga yara. Idan ba ka da tabbacin shekarunka, ka faɗa wa likita, domin kuskuren shekara goma na iya matsar da kai daga wani rukuni zuwa wani.

Abubuwan da ke rikita sakamako a yankinmu

An gina FIB-4 a ƙasashen da ba sa fama da wasu cututtukan da muke fama da su. Shi ya sa lokacin ɗibar jinin yake da muhimmanci.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne na farko. Yana rage filatilet, yana kuma ɗaga AST. Ɗauki matar da ke misalin farko: idan aka ɗebi jininta cikin zazzaɓi a watan Agusta, filatilet ta sauka 110, AST ta hau 40, lissafin zai ba da 2.73. Hantarta ba ta canza ba, zazzaɓi ne ya canza lambobin. Kada a yi wannan gwaji kana cikin zazzaɓi ko wata rashin lafiya mai zafi. Ka bari ka warke, a ƙara 'yan makonni.

Aikin ƙarfi ma yana ɗaga AST, domin sinadarin yana cikin tsoka. Wanda ya wuni yana huɗa ko girbi, ya huta kwana biyu ko uku kafin a ɗebi jinin.

Sikila tana sauya AST da filatilet duka. Tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan dam da fadama, tana iya kumbura saifa ta rage filatilet. Juna biyu ma na sauya lambobin. Haka magungunan tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya. Duk wanda ya shafe ka a cikin waɗannan, ka sanar da likita kafin ya fassara sakamako.

Kada a duba kitse a manta da ciwon hanta nau'in B

A ƙasarmu babban mai jawo ƙandarewar hanta da kansar hanta har yanzu shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kashi 1.1 kuma suna da shaidar nau'in C. Sai a 2004 rigakafinsa ya shiga jerin alluran jarirai a Najeriya, ke nan yawancin manyan da ke da siga a yau ba a yi musu ba.

Mai siga da ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta, hantarsa na ɗauke da kaya biyu. Kuma idan aka ga ALT ta tashi aka ɗora laifin a kan kitse ba tare da gwaji ba, an bar cutar da ke da magani tana ci. Saboda haka ranar da za a yi maka FIB-4, ka nemi a haɗa da HBsAg na nau'in B da kuma gwajin nau'in C. Ɗigon jini kaɗan ne, sakamako na fitowa a ranar.

Idan ba ka da shi, ka yi rigakafi: allura 3, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Idan kana da shi, a gwada matarka ko mijinki da 'ya'ya, likita kuma zai duba ko kana buƙatar magani irin su tenofovir. Nau'in C ana warkewa daga gare shi da magani na kimanin makonni 12. A gida kuwa, kada mutum biyu su yi amfani da allurar huda yatsa guda wajen auna siga, kamar yadda bai kamata a haɗa reza, askar wanzami ko kayan ƙaho ba.

Mataki na biyu: auna taurin hanta

Idan FIB-4 ya kai 1.3 ko sama, gwaji na gaba shi ne auna taurin hanta da na'urar da aka fi sani da FibroScan. Za ka kwanta rigingine ka ɗaga hannun dama, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari, ka ji ɗan bugu kamar an ƙwanƙwasa da yatsa. Babu allura, babu zafi, minti goma ya isa. Ana so ka yi aƙalla awa 3 ba ka ci abinci ba. Idan kana shan insulin ko maganin da ke saukar da siga sosai, ka tambayi yadda za ka tsara shi a ranar, ka kuma riƙe dabino ko wani abu mai zaƙi a aljihu saboda tafiya.

Ana ba da sakamako da ma'aunin kPa. Ƙasa da 8, haɗari kaɗan ne, ka koma wurin likitanka na siga. Daga 8 zuwa 12, ana buƙatar likitan hanta ya duba. Sama da 12, akwai yiwuwar tabo mai nisa. Wasu ƙalilan ne ake kai wa ga ɗibar ɗan ƙanƙanin naman hanta da allura don dubawa.

Wannan na'ura sai a wasu manyan asibitoci da cibiyoyin gwaji na birane. Hanyar da ta fi dacewa ga mutumin Kunduru ko Kusada ita ce ya fara daga cibiyar lafiya ta kusa ko Babban Asibitin Kankia, a yi gwajin jini. Idan lissafi ya nuna buƙata, ya karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano a Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Likitan da ke can shi zai faɗi inda za a yi awon. Kafin ka biya kuɗin mota, a tambayar maka ranar da likitocin hanta ke zama. Idan awon bai samu ba, likita zai haɗa sikanin, sauran gwajin jini da maimaita FIB-4 ya yanke shawara. Amfanin matakin farko ke nan: yawancin mutane suna faɗawa ƙasa da 1.3, ba sai sun yi wannan tafiya ba.

Idan an samu kitse ko tabo, me za a yi?

Rage nauyi shi ne babban magani. Rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitse. Kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi. Kashi 10 ko sama yana iya rage tabo. Ga mai kilo 90, wannan na nufin kilo 4 a fara ganin amfani, kilo 9 a kai ga tabon. A bi a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa.

Abinci. Ka fara da abin sha, domin nan ne siga ke shiga ba a lura ba: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya da aka cika wa siga, shayi mai siga da madarar gwangwani, fura da aka zuba wa siga. Zuma ma siga ce. Ka rage malmalar tuwo, farar shinkafa, taliya da burodi, ka ƙara miya da ganye: zogale, rama, kuka, kuɓewa, alayyafo. Wake, ƙwai, kifi da awara da ba ta sha mai ba suna riƙe ciki. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farin gari. Ƙosai, fanke da sauran soye-soye su zama na lokaci-lokaci. A watan azumi ka ga likita tun kafin a fara, kuma kada buɗe-baki ya zama na kunu mai siga da soye-soye kullum.

Motsa jiki. Minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar. Manomi yana samun fiye da haka da damina, matsalar tana rani, lokacin da zama a majalisa da hawan babur ke maye gurbin gona. Matan da ke cikin gida za su iya zagaya tsakar gida da sassafe ko bayan magariba. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba.

Magunguna. Metformin ba ya warkar da kitsen hanta, amma ba ya cutar da ita, kada ka daina shi sai likita ya ce. Pioglitazone, maganin siga ne da aka nuna yana rage kumburin hanta, sai dai yana ƙara nauyi, kuma ba a ba mai raunin zuciya. Allurar semaglutide tana saukar da siga da nauyi, kuma a watan Agusta na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita ga masu kumburin hanta da tabo. Kafin nan, a watan Maris na 2024, ta amince da resmetirom, magani na farko da aka yi musamman don wannan cuta. Waɗannan biyun suna da tsada ƙwarai, kuma ba a shan su sai da umarnin likita. Maganin maiƙon jini irin su atorvastatin ba ya hana mai kitsen hanta sha, hasali ma yana kare zuciyarsa.

Abubuwan da za ka kiyaye hantarka daga gare su

- Giya da burkutu. Ga mai tabo babu adadin da ba ya cutarwa. Idan kana sha, ka faɗa wa likita gaskiya, sirrinka ne kuma yana canza magani.
- Haɗe-haɗen da ake talla a kasuwa da mota da lasifika da sunan wankin hanta, maganin shawara ko maganin siga. Ba a san abin da ke ciki ba ko yawansa, kuma duk abin da ka haɗiya hanta ce za ta tace shi. Idan kana shan wani, ka zo da kwalbar ko ƙullin asibiti.
- Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu na ɗauke da dexamethasone, wanda ke tayar da siga ya kuma tara kitse a ciki da hanta.
- Farasitamol fiye da ƙima. Babban mutum kada ya wuce giram 4 a rana, mai ƙandarewar hanta kuma giram 2. Ka tuna magungunan mura da ciwon jiki da yawa suna da shi a ciki. Mai ƙandarewar hanta ya guji diclofenac da ibuprofen.
- Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. Funfunar na fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke jawo kansar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa ga mai nau'in B. A busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu ko rumbu, a ɗora buhu a kan katako, a tsince ƙwayoyin da suka canza launi ko suka motse a zubar. Kada a mayar da su ƙuli-ƙuli ko tunkuza.

Idan hanta ta riga ta ƙandare

Ba ƙarshen rayuwa ba ne. Mutane da dama na yin shekaru masu yawa a wannan mataki idan ana bibiya. Za a riƙa yi maka sikanin duk wata 6 don kama kansa tun tana ƙarama, wani lokaci tare da gwajin jini na AFP. Ana iya zura na'urar hangen ciki ta baki a duba jijiyoyin maƙogwaro. Magungunan siga ma sai an sake tsara su, domin hantar da ta raunana ba ta iya sakin siga lokacin buƙata, kuma magani irin glibenclamide na iya sa siga ya faɗi warwas.

Iyali su san alamomin da ba a kwana da su a gida:

- aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta
- idanu sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu
- ciki na kumbura, ko ciwon ciki tare da zazzaɓi
- ruɗewa, sambatu, barcin rana da rashin barcin dare, ko rawar hannu

Duk wanda aka gani a cikin waɗannan, a kai shi babban asibiti nan take. Idan ya ruɗe kuma akwai na'urar auna siga a gida, a auna kafin a tashi.

Ranar asibitinka ta gaba

Ka tafi da duk takardun gwajin da ka taɓa yi, da duk magungunan da kake sha, na asibiti da na gargajiya. Ka zaɓi lokacin da ba ka da zazzaɓi. Sannan ka yi wa likita waɗannan tambayoyi:

1. An taɓa yi mini ALT, AST da ƙirgen filatilet? Nawa ne FIB-4 ɗina?
2. An gwada ni ciwon hanta nau'in B da C? Ina buƙatar rigakafi?
3. Kilo nawa ya kamata in rage, kuma a cikin wata nawa?
4. A cikin magungunana akwai wanda ya kamata a canza saboda hanta?
5. Yaushe za a sake gwajin?

Ka sa a rubuta maka lambar FIB-4 da kwanan wata a katinka na asibiti ko littafin da kake rubuta siga. Idan aka sake bayan shekara ɗaya ko biyu, kwatanta sabuwar lamba da tsohuwa shi zai nuna ko hantarka na nan yadda take, ko lokaci ya yi da za a tura ka gaba.